Darbejiyar ƙofar gidanmu

Shekarun baya, lokacin da kuɗin mai suka fara shigowa, yayana ya samu aikin gwamnati ya sayi mota. Sai ya ce za a sare darbejiyar ƙofar gidanmu a Ƙofar Marusa, a gina gareji. A gindinta mahaifinmu, Allah ya jiƙan shi, yake wuni yana ɗinkin babbar riga, har ya bar duniya. Mahaifiyata, Inna, ba ta so, amma ta rasa hujja.

Ina sakandare a lokacin. A makon nan malaminmu na kimiyya ya gaya mana abin da ya sa na saki baki. Wai jikin itace ba daga ƙasa yake samuwa ba, yawancinsa daga iska ne. Ganye yana da ƙananan ƙofofi, iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi ta nan take shiga. A ciki akwai wani sinadari, inzayim, mai aiki kamar dillali: ya kamo iskar, ya haɗa ta da wani abu na cikin ganyen, da ƙarfin rana su zama sukari, sukarin ya zama itace.

Ni da ɗan ilimina na cikin cokali, na dawo gida ina zuba, don dai a san na yi boko. Inna tana tankaɗe, ta dakata.

“Ka ce mi? Numfashin mutum ka zama icce?”

“Kaɗan daga ciki, Inna.”

“To, Malam da ya ƙare rayuwa tai a gindinta hwa?”

Wallahi ban yi wannan tunanin ba. Ta yafa mayafi ta fita, ta ɗora tafinta a jikin itacen, ta daɗe tana cewa Subhanallahi.

Da yayana ya iso da masu gatari, ta ce, “Alhaji ƙarami, mota taka ta kwana waje. Akwai numfashin ubanka a nan.” Nan take ya sallame su.

Na sha karanta bayanin nan daga baya, amma har yau mamakinsa bai sake ni ba, yadda abin da ido ba ya gani yake tara wa mutum ajiya bai sani ba. Inna ta koma zaman hantsi a inuwar har tsufanta, har ita ma ta rasu. Yanzu in na je gida na taɓa itacen nan, su biyu nake gaisarwa.