Inna Hansai 'Yar Kudus

Duk safiya, da gari ya yi haske, Inna Hansai takan shimfiɗa tabarma a tsakar gidan da take haya a Hayin Banki, cikin Kaduna, ta baza ganyen magarya ya sha iska. Sai ta wanke bokitinta na ƙarfe ko da jiya ba a taɓa shi ba, ta duba ƙullin kafur, ta zura zare a allura da lalube, don ido ya fara gajiya. Daga nan ta zauna bakin ƙofa da ƙoƙon kununta tana kallon hanya. Aikinta wankan gawar mata ne, da ɗinkin likkafani, da zama kusa da wadda ciwo ya kai gargara. Maƙwabta sun ce akwai ranakun da ba ta ƙarasa kunun. Sai ta ajiye ƙoƙon, ta yafa mayafi, ta ɗauki bokiti ta miƙe tsaye. Can sai ga mai aike ya ɓullo daga bakin titi yana sauri. In an tambaye ta yadda aka yi ta sani, takan ce ba ta san komai ba, zaman ne ya ishe ta.

Saboda haka akwai matan da in sun hango ta sai su sake hanya, akwai masu hana 'ya'yansu cin abin hannunta. Amma ranar da abin ya faɗo gidansu, ita suke fara nema. Yanzu da rawar hannu ta sa ta fara miƙa aikin ga wasu, ya kamata a tsaya a faɗi ko wace ce.

'Yar ƙasar Zazzau ce. Tana da ƙuruciya ta bi mijinta Malam Inuwa hanyar Makka a ƙafa, ta Sudan, ana tafiya ana tsayawa neman guzuri. Da suka sauke farali sai ya ce ba zai juyo gida ba sai ya yi salla a Masallacin Kudus. Ziyara suka je, ta zama zama. A can suka tarar da 'yan uwa baƙaƙen fata, Hausawa da Barebari da mutanen Wadai, a wata unguwa da ke manne da ƙofar masallacin. Malam Inuwa ya samu gadin ƙofa, ita kuma wata tsohuwa Balarabiya ta koya mata wankan gawa. A can ta haifi ɗanta guda, Yahaya, a can kuma ta binne mijinta a bayan ganuwa. Da yaƙin 1967 ya tashi, Yahaya yana wajen aiki, ita kuma taron masu gudu ya kwashe ta har gangaren Kogin Urdun. Ta haye a kan karyayyiyar gada. Da ƙura ta lafa ta so komawa, aka ce ba hanya. Daga sansanin gudun hijira ta samu zuwa Makka, daga can jirgin alhazai ya kawo ta gida, ba ɗa, ba labarin ɗa.

Tsofaffin alhazan da suka taɓa leƙa Kudus kafin yaƙi sukan biyo su gaishe ta, su yi ta zancen ƙubba mai walƙiya da dutsen da ke ƙarƙashinta, da yadda tsigar jikinsu ta tashi da suka shiga. Takan saurara ta gyaɗa kai. Amma in an sake mata baki, ba nan take dosa ba. Ita zancenta ƙamshin gurasa mai riɗi da sassafe, da ruwan rijiyar masallaci mai sanyin da ke sa haƙori tsami, da yadda duwatsun garin ke yin ja kamar an ɗiga musu manja in rana ta kusa faɗuwa. Takan ce ladan na kira, ƙararrawar majami'a na kaɗawa, Bayahude na wucewa da rigar sallarsa yana motsa baki, duk a lungu ɗaya, jaki kuma ya tare hanya kowa ya tsaya jiransa. Wata nas Kirista da ke aiki a Mando ta taɓa zuwa takanas ta tambaye ta ko ta ga hanyar da suke cewa Annabi Isa ya bi. Inna ta ce ai nan take sayen albasa. Nas ɗin ta kama hannunta ta riƙe, ta daɗe ba ta saki ba.

Game da masu rigima kan garin kuwa, ba ta da dogon bayani. Ta ce ta ga sojan Ingila, ta ga na Urdun, ta ji ƙarar na Yahudawa a bayanta, kowanne ya ce garinsa ne. Ita abin da ta sani, duk wanda ya kwana a cikinsa ya tashi, ba ya ƙara samun sukuni a wani wuri.

Ke ce, Inna, kika tsaya shekarar kwalara, sa'ad da amai da gudawa ke ɗauke mace tsakanin hantsi da azahar, dangi su tsaya daga zaure suna leƙe. Mutanen Kawo da Hayin Banki sun gan ki kina fita wannan gida kina shiga wancan, hannuwanki sun yi fari fat don ruwan magani. Ba ki taɓa barin an kai mace kabari ba wanka ba. Ba ki taɓa fitowa kin faɗi abin da idonki ya gani a jikin kowa ba. Rumbun asirin mata, Allah Ya rufa miki naki.

Tana da wata al'ada in tana zaune da marar lafiya. Bayan ta tuna mata kalmar shahada, in ta ga tsoro a idonta, sai ta riƙe hannunta ta ce su je yawo. Da baki take ɗaukarta, tun daga ƙofar gari, ta kasuwar masu yaji, ta gaban masu gurasa, a gangara a hau, har farfajiyar masallaci inda itatuwan zaitun suke. Da yawa a wannan yawon suke cikawa. Abin da ba wanda ya lura da shi shi ne, a duk yawon nan ba ta taɓa bi da kowa ta lungun gidanta ba.

A wata damina aka kira ta Kurmin Mashi, gidan wani akawun gwamnati. Matarsa Jummai ce ciwo ya ci ƙarfinta, mace ce da ko Zariya ba ta taɓa wucewa ba. Yayarta Kaltume tana ɗakin, kuma daga bakinta na ji abin da ya faru. Bayan la'asar ne, hadari ya haɗo har sai da aka kunna fitila, ruwa ya tsuge kan kwano. Inna ta riƙe hannun Jummai ta fara yawon nan nata. Sun kusa ƙofar masallaci ke nan sai Jummai ta yi magana, idonta a rufe, muryarta tar kamar ba mai ciwo ba.

“Inna, kin wuce wani lungu.”

Inna ta dakata da yawon, Jummai ta ci gaba.

“Ga shi nan hagu. Akwai gajeriyar ƙofa koriya, da itacen ɓaure a ciki. Wani dogon mutum na zaune a dokin ƙofa ya lulluɓa da bargo. Yana jin Hausa.”

Kaltume ta ce Inna ba ta zare hannunta daga na ƙanwarta ba. Ta sunkuya ta tambaya a hankali, “Me ya ce, 'yata?”

“Ya ce in tambaye ki ko kin haye.”

“Ki ce masa na haye.”

Leɓɓan Jummai suka motsa kamar mai isar da saƙo. Daga nan ta yi shahada, ta cika.

Inna ba ta taɓa gaya wa kowa a Kaduna launin ƙofarta ba, balle ɓauren da mijinta ya dasa. A ranta ta gama yanke hukunci: tunda mai barin duniya ce ta gamu da Yahaya a hanya, to Yahaya ya riga ta can. Duk da haka ta miƙe, ta sa aka ɗora ruwa, ta wanke Jummai kamar yadda take wanke kowa, ta kitse mata kai, ta shafa kafur, ta ɗinka likkafani ba kuskure. Sai da maza suka ɗauki makara sannan ta nemi bango ta jingina. Washegari ta yi waina ta raba sadaka, ta karɓi gaisuwar ɗanta ita kaɗai, ba tare da ta yi wa kowa bayani ba. Kwana biyu aka sake zuwa kiranta wani gida, ta ɗauki bokiti ta tafi.

Haka ta zauna har alhazan shekara ta gaba suka dawo. Ran nan da hantsi Alhaji Maliki, mai sayar da katako a Kawo, wanda ita ta wanke mahaifiyarsa, ya yi sallama a ƙofarta. Ya ƙi zama a kujera, ya durƙusa. Ya ce a Mina wani dogon mutum yana bin tantunan alhazan Nijeriya ɗaya bayan ɗaya, da Hausa mai karkata zuwa Larabci, yana tambayar ko akwai wanda ya san wata Hansai matar Inuwa mai gadi. Sunansa Yahaya. Yana raye, yana da mata da 'ya'ya, yana nan a gidan ubansa.

Alhaji ya ce ya tambaye shi me ya sa sai yanzu, bayan shekaru. Yahaya ya ce da ya ɗauka ta mutu a hanyar kogi, don an ce masa tsofaffi da yawa ba su kai ba. Amma bara zazzaɓi ya kwantar da shi har aka fid da rai. Wata rana da yamma ya ce a fito da shi bakin ƙofa ya sha iska. Yana zaune cikin bargo sai ga wata mace baƙa tsaye a gabansa, da zanen atamfa irin wanda ba a ɗaurawa a can. Ya ji bakinsa ya yi mata tambaya, ta ce masa, “Ta ce ta haye.” Abin da ya fi tsaya masa a rai, in ji shi, zanenta sharkaf yake da ruwa, ga shi a watannin nan ko ɗigo ba ya sauka a Kudus. Da ya kira matarsa ta fito, ba kowa a lungun, sai danshi a kan dutse.

Inna ta saurare shi har ƙarshe. Alhaji ya miƙa mata 'yar kwalbar man zaitun da ɗan nata ya aiko. Ta buɗe ta sansana, sannan ta tashi ta yafa mayafi, ta kama hanyar Kurmin Mashi a ƙafa. Ta tara 'ya'yan Jummai ta shafa wa kowanne a ka.

An kai maganar gaban limamin unguwa. Ya ce Allah ne masani, kuma kada a mai da ita abin hira a kasuwa. Ni ma ban zo fassara ta ba. Na kawo ta ne don a san irin nauyin da matar nan ta ɗauka a ranar da ta wanke Jummai, hannunta bai kauce ba. Hanyar Kudus har yau a rufe take gare ta, ta kuwa san da wuya ta ƙara ganin ɗanta da ido. Saƙon baki ne ke zuwa da dawowa ta hannun alhazai, shekara shekara.

Mun gode, Inna Hansai. Iyayenmu da 'yan uwanmu da kika suturta ba su da bakin yi miki godiya, mu muka tsaya a madadinsu. Allah Ya sa hannu mai taushi irin naki ne zai karɓe ki.

Ku kuma matan Kaduna, masu ilimi da marasa shi, ku daina sake hanya in kun hango ta. Aikin nan farilla ne a kan al'umma, in an rasa mai yi kowa ya ɗauki laifi. Kaltume ta riga ta fara koya, amma mace ɗaya ba za ta iya da Kawo da Mando da Kurmin Mashi ba. Da na gaya wa Inna zan yi rubutu a kanta, ta ce yabon ba zai amfane ta da komai ba. Ta ce in dai mutane za su karanta, to in sanar da su tana koyarwa ranar Alhamis bayan la'asar, kuma kowace ta zo da allurarta.