Ranar da Na Toshe Rezon Maƙwabcina

A lokacin na haura shekara sittin, ina riƙe da ƙaramin siber, wato shagon intanet, kusa da tashar mota a Dogon Dutsi. Karatuna bai wuce firamare ba, amma na iya kunna ordinatar, wato kwamfuta, da buga takarda, kuma ni kaɗai ne a unguwar. Sai wani matashi ya buɗe nasa a tsallaken titi, da injin ɗaukar hoton takardu wanda ni ba ni da shi. Kullum da safe yakan rusuna ya gaishe ni, yana ce mini Baba. Ina amsawa da baki, idona na kan masu shiga wurinsa.

Wani mai gyaran na'ura da ke zuwa daga Yamai na yi wa kuka. Ya yi dariya, ya ce ashe har furfura tana jin haushin ciniki. Ya bayyana mini cewa ordinatar kamar direba mai hankali take, in ta ga hanya ta cushe sai ta rage gudu ta jira. Ya saka mini wani abu da ke watsa tarin saƙon banza a rezon maƙwabcina, wato layinsa na intanet, na ƙiftawar ido, ya yi shiru, ya sake watsawa daidai lokacin da injunansa za su yunƙura. Hanya a buɗe take, amma su suna zaton cunkoso ne, sai su yi ta rarrafe. Wata uku ina kallon matashin yana hawa rufi da tsakar rana yana juya eriya. Har ya zo ya tambaye ni ko nawa ma haka yake, na ce ya yi haƙuri, rezon Arewa ke nan.

Ranar ƙarshe ta aika dosiyen konkur, wato takardun neman shiga jarrabawar aikin jinya, tun hantsi na kunna abin, don na san wurinsa zai cika. Ban san autata tana cikin layin ba. Injin hoton ne ya kai ta, ta ɓoye mini don kada raina ya ɓaci. Takardunta su kai rabi su tsaya, su kai rabi su tsaya. Matashin ya ce mata ta tsallaka wurina, ta ce a ƙara gwadawa, tana jin nauyin in gan ta ta fito daga shagonsa. Haka aka rufe karɓar dosiye da la'asar. Shekarar nan ce ta ƙarshe da shekarunta suka ba ta damar shiga. Ta dawo gida da takardun a hannu, ta ce in sa wa bawan Allahn nan albarka, don ya yi mata ƙoƙari har rigarsa ta jiƙe.

Na cire abin, na tsallaka na faɗa masa. Ya ce Allah ya yafe mana, amma ba shi ne mai babban haƙƙin ba. Tun daga ranar zama ba ya yi mini daɗi. In autata ta ajiye mini fura sai in miƙe in fita ba tare da wurin zuwa ba.

Ku masu shaguna, kada ku yarda da cutar da aka ce ba mai gani. Kana toshe layi ba ka san wa ke tsaye a cikinsa ba. Na kasa faɗa wa autar tawa da bakina. Yanzu idona ya yi rauni, kuma ita ce ke karanta mini wannan mujallar.