Jirgin Sai Baɗi

Shekara goma sha shida Clarrie Bowden yana zuwa taron masu haɗa jirgin ruwa da hannunsu a bakin tafki, kuma bai taɓa zuwa da jirgi ba. Abin da yake kawowa biyu ne: kundin hotuna da baki. Duk Asabar ɗin farko ta watan Maris, in mutane suna sauke jiragensu daga tirela suna ɗaura ƙyallen iska, shi yana zagayawa da kofin shayi, yana ƙwanƙwasa jirgin mutum da yatsa yana girgiza kai. In an tambaye shi ina nasa, ya ce sai baɗi. Haka sunan ya bi shi, har wasu sababbin zuwa ba su san yana da wani suna ban da Sai Baɗi ba.

Abin haushin shi ne mutumin ya iya aiki. Shekara talatin da huɗu ya yi yana gyaran injin ban-ruwa a gonakin inabi, tafiyar awa biyar daga tafkin, ba wanda ya taɓa dawo masa da aiki. Haɗa jirgi kuwa a wurin kakansa ya gani: falanki a jikin falanki, ƙusar tagulla, auduga a tsakani, ba ɗigon gam. Sauran mutanen taron filawud, faffaɗan katakon nan na kanti, suke yankawa su manne da gam, wata huɗu sun gama. Clarrie yana kiran jiragensu akwatunan shayi, gam ɗin kuma majinar kanti, a gaban idonsu, bayan ya ci naman da suka gasa.

Yana da huɗubar da kowa ya haddace. Katako yana da rai, in ji shi. In ya bushe sai ya tsuke, jirgi ya buɗe. A kai shi ruwa a bar shi ya yi yoyonsa kwana bakwai, zai sha ya kumbura ya rufe kansa. Wanda ya cusa abu mai tauri a tsakanin falanki kuwa ya kashe jirginsa, domin ranar da katakon ya kumbura ba shi da wurin zuwa.

A rumfar taron akwai wani dogon katako da ake ƙona sunaye a kai da ƙarfe mai zafi. Ƙa'idar tsohuwa ce: sabon jirgi ya fara taɓa ruwa a gaban jama'a ranar Asabar, su ɗauke shi a kafaɗa su shigar da shi, ya kwana a ruwa, ranar Lahadi da rana ya zagaya tsibiri tare da sauran. Sannan a ƙona sunan mai shi. Masu filawud ne suka kafa ta, su da jiragensu ba sa bukatar jiƙo. Dougie Marchant, tsohon mai aski da Clarrie ya ce ko ƙusa bai iya bugawa daidai ba, sunansa ya hau sau uku. Clarrie yakan wuce katakon kamar bai gan shi ba, alhali ba abin da yake so a duniya kamar wannan ɗan gurbin.

Da ya kai shekara saba'in da uku likita ya duba idonsa, ya ce daga watan Yuni ba shi ba tuƙi. Matarsa Glenys tana tuƙa mota, amma ta rantse ba za ta ja tirela awa biyar ba. Baɗin dai ya ƙare. Clarrie ya shiga rumfarsa ta kwano, ya gama a wata biyar jirgin da ya yi shekaru yana jan aikinsa.

Saura mako uku a yi taron, da tsakar rana, ya tsuguna ya leƙa cikin jirgin, sai ya ga haske layi-layi tun daga kai har gindi. Bazara goma sha shida a ƙarƙashin kwano ta busar da katakon ƙarau, wasu wuraren har ƙwandala za ta shige. Ya rufa masa jiƙaƙƙun buhuna, zafi ya shanye su kafin la'asar. Akwai madatsar ruwa a gonar maƙwabcinsa, amma in jirgin ya taɓa ta, ƙa'ida ta karye. In kuma ya kai shi a haka, zai cika da ruwa a gaban Dougie, shi yana kwalfa da bokiti ana dariya. Wannan ne ya kasa haɗiyewa. Ya tuƙa mota zuwa garin da ba a san shi ba, ya sayo gam gwangwani biyu, ya cike kowace kafa, ya goge, ya bi da fenti.

Glenys ta ji warin tun daga kicin. Ta zo ta tsaya a ƙofar rumfa ta ce, "Clarrie, ba kai ne ka ce ba a yin haka ba?"

"Kwana biyu kawai nake nema a wurinsa," in ji shi, bai ɗago kai ba.

Ranar Asabar mutum goma sha huɗu suka sa kafaɗa. Dougie yana gaba yana nishi, yana tambaya ko gida Clarrie ya gina. Jirgin ya zauna a ruwa, aka leƙa, ko ɗigo babu. Clarrie ya ɗaga ƙyalle, iska ta kama, ya yi awa biyu a tafkin da Glenys a gefensa, ya wuce akwatunan shayi ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Da ya sauko har Dougie ya cire hula ya ce, "Dattijo, na sallama. Ashe ba baki kaɗai ba ne."

Katakon bai ba shi kwana biyun ba. Da safiyar Lahadi suka tarar da jirgin zaune a kan laka, ruwa har wurin zama. Falanki uku sun banƙare waje, haƙarƙarin jirgin sun tsage a jere, ƙusoshin tagulla sun fito da kai. Clarrie ya shiga ruwa har ƙugu da tufafinsa. Ya riga kowa isa, ya ga wani dogon sili na gam yana reto daga tsagar, ya karya shi ya cusa a aljihu, sauran kuma laka ta rufa masa asiri.

Mutane suka taru a gaɓa, ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi masa sauƙi. Wata mata ta ce a ƙona sunansa haka nan, ai ya sha wahala. Aka ce ƙa'ida ƙa'ida ce. Wani matashin malamin makaranta, wanda jiya ya cika shafi uku da bayanin Clarrie don shi ma yana son yin na falanki, ya ce wa matarsa gara da bai sayi katakon ba tukuna. Clarrie yana ji. Kalma ɗaya ce za ta wanke kakansa da aikin kakansa, tana nan a aljihunsa tana sukar cinyarsa.

Dougie ya shigo ruwan ya dafa kafaɗarsa, da zuciya ɗaya, ba da gatse ba.

"Mutumina, shekara nawa muna gaya maka? Wannan aikin na mutanen da ya wuce. Da ka ɗan sa gam, da yanzu muna zagaya tsibiri."

Glenys tana tsaye a gaɓa tana kallonsa, tana jira. Clarrie ya dubi malamin, ya dubi jama'a, ya damƙe abin da ke aljihunsa.

"Gaskiyarka, Dougie," ya ce. "Laifin katakon ne."