Mai Koto da Ɓarawon da Bai Taɓa Kamawa Ba

Haihuwa da tasowa

An haifi marigayin da kowa ya sani da Mai Koto a shekarar 1951, a unguwar masunta ta wani gari na bakin kogi. Mahaifinsa masunci ne, mahaifiyarsa mai busar da kifi. Karatunsa bai yi nisa ba, amma tun yana yaro ya shahara da rashin yarda da mutane, har mahaifiyarsa kan ce ko inuwarsa sai ya waiwaya ya duba.

Sana'a

A 1968 ya fara sana'ar da ta ba shi suna, wato juya duwatsun gaɓar kogi yana tsince 'ya'yan mazari da sauran ƙwarin ruwa, yana sayar wa masu ƙugiya su yi koton kama kifi da su. Babu wanda ya san duwatsunsa sai ƙanensa, Auta, wanda ke riƙe masa gwangwani.

Aure da zuriya

Ya yi aure a 1975, Allah ya ba shi 'ya'ya biyar. A 1999 ya ba babban ɗansa filinsa na saman gaɓa, ɗan ya kafa rumfar fasa tsofaffin batura yana narka dalma, ruwan wankin kuwa yana bin wata 'yar kwata zuwa kogi. Marigayi ya yi alfahari da rumfar ƙwarai.

Shekarun zargi

Daga 2002 ƙwarin suka fara ƙaranci. Sai ya juya dutse ya tarar da shi fes, kamar an wanke. Nan take ya yanke hukunci cewa Auta ne ke riga shi zuwa. An ruwaito ya ce masa: "Kai kaɗai na nuna wa, ƙanena. Ko ƙwarin ne suka yi hijira?" Auta ya ce: "Yaya, in ni na kwashe, ina ribar? Dubi takalmina." Duk da haka ya yanke shi, ko gaisuwa babu, har shekara goma sha tara.

A 2016 masu gwajin ruwa suka ɗebi lakar wurin, suka bayyana cewa dalma ce ta kwanta a ciki. Ƙwarin na cinta, su kasa yin saɓa, su mutu kafin su yi fiffike, sai jajayen tsutsotsi masu taurin rai ke saura. Marigayi ya saurara tsaf, sannan ya tambaye su nawa Auta ya ba su. Amma an lura, kuma masu lura ba su yi ƙarya ba, cewa daga ranar bai ƙara barin jikokinsa sun ci kifin kogin ba.

Rasuwa

Ya rasu ranar wata Talata a 2021, bayan doguwar jinya, ba tare da ya nemi ƙanensa ba. Auta ne ya yi masa wanka, bisa wasiyyar da sai ranar aka ji ta daga bakin matarsa, wadda ta ƙara da cewa ya ce kada a ɗebo ruwan daga kogi. An binne shi bayan azahar.

Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu da suka rage cikin biyar ɗin: tela, malamar asibiti, direba, da kuma babban, wanda ya sake buɗe rumfarsa washegarin sadakar uku.