Farantin Inna a Kan Katanga

Guduma na hannuna, farantin silbar Inna na kife a kan turmi duk na lotsa shi, sai ga ta ta dawo daga unguwa. Wata Laraba ce, ina aji biyar, tun ƙarfe tara na gudo daga makaranta. "Sani! Farantin aurena ne wannan?"

Abin da ya jawo haka, maƙocinmu a Gyaɗi-Gyaɗi ne ya tayar da bene, ya toshe tagar ɗakin kakata, Hajiya Babba. Ɗakin ya koma kamar rijiya, ko da rana tsaka. Wuta sai an ga dama a kawo, ƙafarta kuma ba ta barinta ta fito tsakar gida. Wata guda Alƙur'aninta na rufe a kan darduma, ita da ba ta taɓa tsallake rana ba. Ba ta ƙorafi, sai dai ka ga tana shafa bangon littafin.

Ni dama ba na iya zama wuri ɗaya. Na fara da madubin Inna, na harbo rana ta ƙofa. Hasken ya tsaya wuri guda, fari fat, sauran ɗakin duhu. "Kai ɗan nan, makantar da ni za ka ƙarasa yi?" in ji Hajiya. Na gwada murfin gwangwanin madara, ya yi ƙarami. Amma na lura inda ya lotse hasken na bazuwa, ba ya taruwa. Shi ne na ɗauko farantin. In buga, in ɗora a katanga, in saita shi hasken ya bi ta ƙofa ya doki silin ɗinta. Ita kuma daga ciki tana ba ni labari: "Wajen gado ya yi, nan gabana da saura." In sauke in ƙara bugu, gefe da yawa, tsakiya kaɗan-kaɗan.

Bugun ƙarshe ke nan Inna ta shigo. Na ɗora shi a katanga, na tokare da bulo, na yi waje ko takalmi babu. Ina zaure na jiyo muryar Hajiya ta ja bisimilla da ƙarfi, ta kama karatu. Ban tsaya ba sai gidan kawuna a Hotoro.

Yanzu fitilar sola nake haɗa wa mutane a Tarauni, maɓalli ɗaya ɗaki ya haske ko'ina. Babu mai zama ya gaya maka inda ya rage. Makarantar ma daga aji shida ban koma ba.

Kwana biyu na yi a Hotoro. Kawu ya ce in aika wa Inna ban haƙuri ta bakin 'yarsa Zulai. Na ce: "Ki ce mata ta doke ni in na dawo, na yarda. Amma don Allah bayan azahar a juya farantin kaɗan wajen rijiyar tsakar gida, rana na barin wurin."