Tagar da Aka Toshe wa Yaya Hajara

Da damunar nan yayana, Malam Sule, ya cika shekara ashirin da ɗaya da rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Na so in rubuta magana mai sanyi irin ta masu tuna mamaci, amma wallahi zuciyata ta ƙi, don makon jiya na je gida na tarar da matarsa, Yaya Hajara, kwance da karaya a hannu. Santsi ne ya kwashe ta ɗauke da tukunyar miya, tana zagayawa zuwa tasha. Tashar nan kuwa bango ɗaya ne ya raba ta da murhunta.

Garinmu ƙarami ne, a kan hanyar Kabo zuwa Gwarzo. Yaya Sule ma'aikacin safiyo ne, mai awon filaye, har zuwa lokacin tsuke bakin aljihu da aka sallame su rututu ya dawo gida. A wancan lokacin motoci a gindin wata tsamiya suke lodi, sai dagaci ya ware fili domin tasha, ya ce Sule ya yanka. Kowa ya zaci igiya zai ja, ya kafa turaku, shi ke nan. Ina! Sai ya bi gari gida-gida yana tambayar abin da kowa ke ci da shi.

Da ya gama, ya sa tasha a tsakiya, masallaci a gabas, masu faci da kanikawa can gefen da iska ke kwashe hayaƙi, kemis da shaguna a bakin titi. Gidaje kuma ya jera su sun ba tasha baya, ƙofofinsu na kallon lungu. A bangon bayan kowane gida, daidai madafa, ya sa a huda taga ƙarama mai marfin katako, iya wadda kwano zai wuce. Matafiyi ya ƙwanƙwasa, ya faɗi abin da yake so, hannu ya miƙo masa. Ba ya ganin fuska, ba a ganin tasa.

Na taɓa tsokanarsa na ce, "Yaya, wannan gida ne ko akurkin kaji?" Ya yi dariya ya ce, "Binta, mu maza an koro mu daga aiki, tuwon sayarwar matan nan ne ke riƙe da gidaje, kulle kuma ba fasa shi za a yi ba. To ko dai ciniki ya zo bakin murhu, ko 'yan mata su bi shi da faranti a ka. Ni na farkon na zaɓa."

Abin kuwa ya zauna daram. Direbobin Gude da na Madadi sun san tagar fura, sun san tagar waina, sun san ta Yaya Hajara mai tuwon dawa da miyar kuka. 'Yan matan layin nan makaranta suke wayar gari. Ita Yaya Hajara da wannan taga ta rufa wa gidanta asiri shekara da shekaru, ba ta taɓa taka ƙofar gida da rana ba.

Sai Shari'a ta zo. Mun yi murna, ni ma da bakina na yi kabbara, kada wani ya juya mini magana. Ba da Shari'a nake faɗa ba. Da wasu dattawa nake, waɗanda suka naɗa kansu kwamitin gyaran tarbiyya, suka waiga ba su ga abin gyara ba sai tagogin nan. Wai matan aure na hulɗa da direbobi. Wai an ga wani ya daɗe a tsaye yana jiran canji. Wai, wai! A kan wai aka kira taro a ƙofar dagaci.

Yaya Sule ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, in kun toshe taga ba ku toshe yunwa ba. Tuwon nan zai fita ta ƙofa, kuma a kan 'ya'yanmu zai fita." Wani ya ce masa ɗan boko ne mai son mayar da gari bariki. Aka kwashe da dariya, aka kawo magini da bulo.

Kafin wata ya mutu tashar ta cika da 'yan mata masu talla, suna kutsawa tsakanin 'yan kamasho da yaran mota, ana ja musu mayafi. Har da jikokin masu kwamitin, na gan su da idona. Babu wanda ya sake kiran taro. Yaya Sule ya daina bi ta tasha, in zai je masallaci sai ya zagaya ta bayan gari. Ba zan ce wannan ne ya kashe shi ba, ajali na Allah ne, amma tun daga nan ban ƙara jin dariyarsa irin ta da ba.

Yaya Hajara ta rantse 'ya'yanta ba za su yi talla ba. Tana fita takaba ta ɗauki tukunya da kanta, ta fita ta ƙofa, ta bi lungu, ta zagaye layin gaba ɗaya, ta zauna a tsakiyar maza tana kwasar tuwo. Ku duba fa! Waɗanda suka zo kare kulle, su suka fitar da ita daga kulle. Haka take yi har yau da ta tsufa, gwiwoyi sun ƙi.

Da Yaya Sule zai leƙo, me zai ce? Zai ga an dasa kwantena a hanyar masallaci, kanikawa sun dawo jikin gidajen mutane. Zai ji masana a rediyo suna bayanin amfanin haɗa gidaje da shaguna kusa da tasha kamar jiya aka gano shi. Na san shi, ba zai yi gori ba. Ni ce mai gorin, kuma na yi.

Abin da ya rage nasa shi ne tabon da ke jikin bangon nan. Katangar jar ƙasa ce, bulon kuwa fari, don haka duk mai ido yana ganin inda kowace taga take, a jere.

Da na zauna kusa da Yaya Hajara na ce, "Yaya, a fasa tagar nan mana." Ta dubi hannunta da aka ɗora, ta ce, "Wanda ya buɗe ta ba ya nan, Binta. In sun taso wa zai tsaya mini?"

To, ni zan tsaya. Ranar Asabar da hantsi zan je da magini da guduma, kuma na sa kafinta ya yi marfi irin na da. Wanda bai yarda ba ya zo ya same ni a gindin bangon. Amma ya zo da gammonsa, don daga ranar shi zai riƙa ɗaukar mata tukunya.