Hajiya Ladidi, Wadda Ta Ƙwace Zabirar Bawa

Ranar Talata, 9 ga Maris, 1999, ina rumfata ta hatsi a Tsafe wani direba ya ce mini kin rasu da hantsi a gidanki na Damba. Ni dillali ne, kowane labari sai na juya shi na ga inda ƙarya take. Wannan na juya, ban samu ba. Na Allah ne mu duka, can kuma za mu tarar da ke.

Sista, mutanen Gusau sun san ki shekara ashirin a ɗakin jarirai na asibiti. Ni kwana goma sha tara na san ki, kuma da laifi muka fara.

Shekara uku ke nan da matata Talatu ta haifi Nafisa, numfashinta sama-sama, leɓenta ya yi shuɗi. Likita ya ce gudan jini ne ya toshe mata hanya a huhu, aka sa ta kan allurar tsinka jini. Kin ja mini kunne cewa muddin tana kan maganin nan, ko ƙwarzane kada ya same ta. Na ce to, irin "to" ɗin da nake ce wa mai saye.

Kwana bakwai suka cika. Iyata ta aiko daga Kucheri cewa a gidanmu ba a taɓa suna ba a cire beli an yi tsaga ba. Sai na yi dabara. Na sa wa Bawa wanzami babbar rigata, na shigo da shi, na ce kawuna ne ya zo dubiya.

Kika dube shi sama da ƙasa, kika ce, "Malam Hamidu, kawun naka da zabira yake zuwa dubiya?"

Ba ki yi faɗa ba. Kika ɗaga audugar da ke diddigen yarinyar, inda aka tsira allura tun safe, jini na tsattsafowa har lokacin. "Wannan bakin allura ne. Kai mai awo ne, ka auna na aska, a cikin maƙogwaro."

Na auna. 

Kika kulle zabirar a kabad ɗinki, kika ba Bawa kujera da fura don kada ya koma da kunya. A barandar asibiti aka raɗa suna, kika ci goronmu. Da aka sallame mu, ranar hutunki kika hau mota har Kucheri, kika zauna a tabarmar Iya sai da ta huce.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa jariran da kika riƙe su zame miki hujja. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Alhaji Attahiru, da 'ya'yanki, da danginki na Bungudu. Allah Ya ba su haƙuri.

Nafisa tana nan, ta fi ni surutu. A duk gidanmu ita kaɗai ce ba tsaga a fuska. Wanda ya tambaye ni dalili, sunanki nake faɗa masa.

Hamidu Kucheri, Tsafe